MAGANAR ƊAGA ƘAFAR MOTA DA ARAHA

  

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya zama yayi a tsakaninmu, musamman mu 'ya'yan 'yan kasuwa da iyayenmu suka fara sakar mana makullin mota, wato ɗaga ƙafar mota. Da zarar ruwa ya fara sauka a watan Maris ko Afrilu sai ka ga an jera Hilux da L200 da tsofaffin Nissan a gareji, kowa yana cewa a ɗaga masa, kuma kowa yana cewa a yi masa da sauƙi don babu kuɗi. Ni dai ban ce kada a ɗaga ba. Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan da ke bayan Ife ko Ondo ɗauko goro a watan Yuni ya san cewa hanyar ba ta gajeriyar mota ba ce. Kuma gaskiya ne babu kuɗin, tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 kayan gyara suka yi tashin da har yau ba su dawo ba, ka je Gate a nan Ibadan ko Ladipo a Legas ka tambayi kuɗin shokozoba ɗaya ka ji. Abin da nake cewa shi ne yawancinmu ba a wurin da ya dace muke zuba ɗan kuɗin da muke da shi ba, kuma arahar da ake yi mana a gareji sau da yawa daga birki da sitiyari ake zare ta, mu ba mu sani ba.

Da farko dai cuta biyu muke haɗawa mu ba su magani ɗaya. Akwai mai son mota ta yi tsawo don kada cikinta ya riƙa gugar ƙasa, akwai kuma mai son ta daina zaunawa idan ya loda mata kaya. Ka tsaya ka saurari yadda muke yi wa makanike bayani, za ka ji mutum ya ce "Baba, a ɗaga min ita, tana taɓa ƙasa," shi ke nan. Shi kuma makanike ba zai tambaye ka yaushe take taɓawa ba, da kaya ko babu kaya, gaba ne ko baya, zai dai aiki yaronsa ya sayo fallen sifirin biyu ko uku a cusa. Ba na ganin laifinsa sosai, abin da ka ce shi ya yi maka.

To bari mu fara da maganar tsawo, domin a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ka durƙusa a bayan Hilux ka leƙa ƙarƙashinta. Abin da ya fi komai kusa da ƙasa shi ne wannan tulun ƙarfen da ke tsakiyar aksil ɗin baya, inda farfela ke shiga ta juya tayoyi. Wannan tulu ba a kan sifirin yake zaune ba, a tsakanin tayoyi biyu yake rataye. Ma'ana ko ka jera fallen sifirin goma, ko ka ɗaga bodi har sai an sa tsani kafin a hau, tulun nan yana nan inda yake, bai ƙara ko tsawon farce ba. Kuma a irin hanyoyin da muke bi, inda manyan motocin katako suka haƙa kwari biyu dama da hagu suka bar tudu a tsakiya, wannan tulun ne ke fara hawa tudun, tayoyin baya su rataye suna juyawa a banza, ka ga an fito da shebur ana kiran samarin ƙauye su zo turi, su kuma sun san farashinsu.

Abu ɗaya ne kawai ke ɗaga tulun nan, shi ne taya mai tsawo. Shi ma rabin abin da ka ƙara kake samu. Misali, tayar da yawancin Hilux na aiki ke zuwa da ita, 205R16, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 734 ne. Idan ka koma 235/85R16 tsayinta kusan 806 ne, bambancin ya kai 72, abin da tulun zai samu kuwa 36, wato kusan inci ɗaya da rabi. Masu sababbin da ke da 265/65R17 idan suka koma 265/70R17 milimita 13 kawai suke samu. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. Wallahi a cikin taɓo inci ɗaya da rabi shi ne bambancin kwana a gida da kwana a daji. Amma taya mai tsawo tana da nata haraji. Mota za ta yi nauyin tashi, za ta ƙara shan mai, birki zai ƙara wahala, sannan agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, a misalin farko idan ya nuna 100 kana kusan 110 ne. Kuma idan ka karya sitiyari har ƙarshe tana iya gugar bodi. To a nan ne ɗaga ƙafa ke da amfaninsa na gaskiya, wato ya buɗe wa babbar taya wuri, ya kuma ɗan ɗaga ciki da hanci da gindin mota don kada su bugi gaɓar rafi. Ɗagawa mai hidimar taya ce. Mu kuwa sai mu ɗaga mota inci huɗu mu bar ta a kan ƙananan tayoyi 'yan tokumbo da suka suɗe, ta koma kamar zalɓe.

Tunda na ambaci tokumbo, ka riƙa duba lambobi huɗun da ke gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, idan ka ga 2319 to makon 23 na 2019 ke nan. Zanen taya yana iya zama da kyau amma robar ta tsufa ta bushe, kuma jami'an kiyaye haɗurra ma wannan lambar suke dubawa.

Yanzu hanyoyin da ake ɗagawa da araha. Gaba ya danganta da irin motarka. Hilux masu jan ƙafa huɗu na tsakanin 1997 da 2005, da tsofaffin L200 da Nissan na wancan zamani, doguwar sandar ƙarfe ce ke riƙe da ƙafar gaba, tana murɗewa tana dawowa a madadin sifirin. Akwai noti a ƙarshenta, idan aka ɗaure shi gaba ya tashi. Wannan kusan kyauta ne, kuɗin aiki kawai, shi ya sa ake wuce gona da iri. Abin da ba a gaya maka shi ne duk abin da ka ƙara a sama ka rage shi ne daga saukar da taya za ta yi idan ta faɗa rami. Ka ɗaure da yawa, hannun ƙafa na sama ya zauna a kan robar tsayawa, mota ta riƙa dukanka kamar kana kan amalanke. Inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tsaya nan.

Daga 2005, wato daga wadda muke kira Vigo zuwa sama, gaba ya koma sifirin mai naɗi da shokozoba a cikinsa. Araharsu ita ce a ɗora wani faifai a saman shokozoba. Ka lura, saboda yadda ƙafar take kamar maɗaukin awo, abin da mota za ta tashi ya fi kaurin faifan, wani lokaci ya kusa ninka shi. Mutum ya ce yana son inci biyu, a je wajen mai injin sassaƙa ƙarfe a yanko masa faifai mai kaurin inci biyu, mota ta tashi fiye da uku. Bayan 'yan watanni sai robar shaf ta yage, man giris ya watse, ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana, boljoyin na sama ya gaji don an karkatar da shi fiye da iyakarsa. Boljoyin kuwa idan ya fita kana gudu, taya kwanciya take yi a ƙarƙashin mota. Mun sha gani a hanyar Ibadan zuwa Ife, mota ta durƙusa da ƙafa ɗaya a tsakiyar titi. A ganina duk wanda ba shi da kuɗin canza hannun ƙafa na sama, kada ya wuce inci biyu a gaba, milimita 50 ke nan.

A baya kuma akwai dabaru kala-kala. Ana tsawaita ƙarfen da ke rataye da wutsiyar sifirin, shi ma rabin abin da ka ƙara kake samu, kuma idan ya yi tsawo sosai gindin mota ya riƙa lilo. Ana sa dunƙulen ƙarfe tsakanin aksil da sifirin. Idan guda ɗaya ne gajere, na ƙarfe mai kyau da ramin da zai zauna daram, ana iya haƙuri da shi. Amma na ga inda aka ɗora biyu, ɗaya kan ɗaya, na ga inda aka yanka tsohon falle gunduwa-gunduwa aka jera, har katako na taɓa gani, subhanallahi. Sai kuma wadda ta fi ba ni tsoro, wato a kai sifirin wajen mai walda ya gasa shi da wuta ya lanƙwasa. Ranar da aka yi za ka ga mota ta miƙe kamar amarya. Amma ƙarfen sifirin an riga an dafa shi an shayar da shi a masana'anta ta yadda zai riƙa lotsawa yana dawowa, idan wutar walda ta taɓa shi wannan ƙarfin ya tafi. Ko dai ya sake kwanciya cikin 'yan makonni, ko ya karye a daidai inda aka gasa. Idan babban falle ne ya karye, shi ne fa ke riƙe da aksil a wurinsa, aksil zai ja baya ta gefe ɗaya, gindin mota ya juya inda ya ga dama.

Ɗaga bodi daga kan shasi ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Babu abin da yake ɗagawa a ƙasa, sai dai ya ja sandar sitiyari da tiyo da wayoyi, ya kawar da lagireto daga saitin fanka. Ado ne.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubuta wannan. A tsofaffin Hilux da 'yan uwanta da ba su da ABS, akwai wani ɗan bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta tafi ta kama aksil. Da yawanmu mun gan shi ba mu san aikinsa ba. Aikinsa shi ne auna kaya. Idan mota babu kaya gindinta yana sama, sai ya rage ƙarfin man birkin da ke zuwa tayoyin baya don kada su kulle mota ta juya. Idan ka loda, gindi ya sauka, sandar ta tura shi, sai ya saki birkin baya da ƙarfinsa. To malam, ka ɗaga baya inci biyu ko uku, ko ka cusa falle uku ta yadda ko an loda ba ta sauka, me kake gaya wa bawul ɗin nan? Kana gaya masa mota babu kaya alhali ka cika ta har sama. Birkin baya ya yi barci, na gaba kaɗai ke aiki, ya yi zafi a gangara, ka taka ka ji kamar soso. Gyaran ba wani abin tsada ba ne, a ƙara wa maƙalin sandar tsawo daidai da abin da aka ɗaga, idan kuma sifirin aka ƙara wa tauri a samu mai gyaran birki da ya san abin ya sake saita shi. Amma ka zagaya garejojin da ke yin aikin nan ka tambaya, sai ka ga wani ya ɗaure sandar da waya, wani ya cire ta gaba ɗaya ya ce ba ta da amfani. A yawancin sababbin motoci masu ABS kwamfuta ce ke raba birkin, ba su da wannan bawul, sai dai a kula da wayar da ke zuwa taya kada ta ɗame.

Haka tiyon birki na baya, haka shokozoba. Idan ka ɗaga mota ka bar tsohon shokozoba gajere, duk ramin da ka faɗa shi ne zai riƙa tsayar da aksil, bai daɗe zai fara yoyo ko ya ɓalle kunnensa. Idan kuma ka sa dogo ka manta da tiyo, to tiyon birki ne zai zama igiyar da ke riƙe aksil. A sa jak a ɗaga shasi har tayoyi su rataye, ka duba da idonka ko tiyon yana da sauran saki. Minti goma ne.

Sai maganar lodi, wadda na san ba za a ji daɗinta ba, har a gidanmu. Wannan al'ada ta ƙarin falle mun gada ne daga iyayenmu, tun zamanin akori-kura 504 da ake haɗawa a Kaduna, kuma har yau haka ake yi wa J5 mai ɗauko tumatir da albasa. Su dattawa za su ce maka sun yi shekara talatin a haka ba abin da ya faru, ni kuma ba na iya musu da su a gaban mutane. Amma lissafi lissafi ne. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, kuma da direba da yaron mota da duk wanda ke ciki ake ƙirgawa. Buhun masara goma ke nan ko na shinkafa ashirin, ba a cire mutane ba. Ƙarin falle yana hana gindi sauka ne kawai. Bai ƙara wa boris ƙarfi ba, bai ƙara wa aksil kauri ba, bai ƙara faɗin birki ba, taya ma tana da iyakarta a rubuce, wadda aka sa wa 112 kilo 1,120 take ɗauka. Saukar gindin nan da muke jin haushi ita ce bakin da mota ke gaya maka ya isa. Idan ka toshe bakin, nauyin da sifirin ya ƙi shanyewa zai wuce kai tsaye zuwa shasi, shi ya sa kake ganin motoci masu ƙofa huɗu sun lanƙwashe a tsakanin gida da akwatin kaya. Falle ɗaya mai tsawo, na irin motar, ga mai ɗaukar kaya kullum, wannan na yarda da shi. Uku da huɗu kuwa obalodi ake nema wa riga.

Ga kuma tsawo da kaya idan sun haɗu. A sakandare an koya mana cewa duk abin da nauyinsa ya yi sama ya fi saurin kifewa, kuma ko ba a koya maka ba ka san bambancin ɗaukar kwando a ka da rungume shi a ƙirji. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Siwidin, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa abu kwatsam a gudun kilomita 60, tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa, saura kaɗan ta kife. Wannan fa mota ce sabuwa fil yadda kamfani ya yi ta, a kan kwalta mai kyau, da ƙwararren direba. To ina ga wadda aka ɗaga inci huɗu, aka jera huhun goro har ya wuce rufi, yara biyu na zaune a sama, sai ɗan acaɓa ya ɓullo daga lungu?

A nan ne nake ganin maganar ta wuce ta mai mota shi kaɗai. Mu a nan baƙi ne, ko da an haife mu a Sabo, ko da kakanninmu sun zauna tun 1916 da aka kafa unguwar. Idan birki ya ƙwace wa ɗan gari ya bugi mutum a ƙauye, za a ce direba ya yi ganganci. Idan ya ƙwace wa ɗayanmu, Bahaushe za a ce, kuma mai shayi da mai gyaran takalmi da mai tura baro da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ne za su fara biya. Ba mu manta da Shasha a Fabrairun 2021 ba, gardama ce a kan kayan da suka zube a gaban shago ta kai ga asarar rayuka da ƙona kasuwa. Don haka idan na ga matashinmu ya ɗaga mota ya sa baƙin gilashi don ta yi kama da ta 'yan rakiyar manya, yana ratsa ƙauyen mutane da gudu ranar kasuwa, raina ɓaci yake yi. Ita ma ribar adon ban gan ta ba, a kowane shinge kai za a fara tsayarwa.

In da mai ɗan kuɗi kaɗan zai tambaye ni, zan ce ya fara auna motarsa tukuna. A tsayar da ita a wuri mai baje babu kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu, a gwada da wata irinta da ƙafarta ke da lafiya. Sau da yawa motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki ta riga ta zauna da inci ɗaya ko biyu, abin da take nema a mayar da ita inda take, ba a ɗaga ta ba. Saitin sifirin mai lafiya da sababbin bushin sun wadatar. Bayan haka taya, ko da biyu-biyu za a saya, sai dai mai jan ƙafa huɗu kada ya haɗa masu tsawo daban-daban gaba da baya ya sa giyar taimako, giyabos zai ci. Idan taya ta nemi wuri, sai a ɗaga, inci biyu iyaka, a sa gaba da baya su daidaita.

Kuma tun kafin a kwance noti ɗaya a yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya, da saita bawul, da shokozoba, da alaimen, da gyara fitilun gaba don kada ka riƙa kashe wa mutane ido ko haska ƙasa. Alaimen ba a barinsa sai an samu kuɗi, ƙafar gaba da aka ɗaga ba a saita ba tana iya cinye gefen sabuwar taya kafin damina ta wuce. Yubol ɗin da ke ɗaure sifirin da aksil a sayi sababbi, tsohon ya riga ya miƙe, kuma idan an ƙara falle tsawonsa ma ba zai kai ba, sai ka ga noti ya kama zare biyu kawai. Idan ka yi tafiyar farko da kaya ka dawo, ka mayar da ita gareji a sake ɗaure su, don fallen suna zaunawa su saki.